Kifin Robar Sueko

Litinin, 6 ga Oktoba
Hannun nan ya ƙi. Jatan lande mai rai na kasa sa wa ƙugiya, sai rawa yake, har na soki yatsa. Bikin Ebisu, abin bautar masunta, ya matso, kuma tun zamanin babana gidanmu ke kai kifin suzuki ɗakin bauta, kamun hannu, ba na kasuwa ba. In na je hannu rabbana, gidan Gonda za a ba aikin. Wannan kuwa sai bayan raina.

Laraba, 8 ga Oktoba
Sueko ce a bakin kogi, inda yake shiga teku, matar marigayi Gonda, wanda ya yanke min raga bai taɓa ba ni haƙuri ba. Da kifin roba take kamu, mai ɗan harshe a haɓa. Abin wasan jikoki. Na ce mata suzuki ba wawa ba ne. Ta ce, "Shi kam a'a, Toku. Wawan yana kan dutse a zaune."

Juma'a, 10 ga Oktoba
Ba komai. Ƙugiyata ta maƙale a bawon kawa, mai kaifin nan da ke manne a duwatsun ruwa.

Asabar, 11 ga Oktoba
Na tsaya kallonta, don dai hanyata ce. Kifin robar ba ya nitsewa sosai, kamu ɗaya ne ƙasa da fuskar ruwa, sai ya bi ta saman kawa bai taɓa ba. Ta fizga, ta fizga, ya karkace kamar kifin da ya ji ciwo. Sai ta tsaya cak. Ruwa ya fashe. Suzuki ne, tsawon hannuna, wallahi.
Tsohuwar ta iya. A nan kawai na faɗa.

Talata, 14 ga Oktoba
Na tarar da kifin roba rataye a ƙofata, mai shuɗin baya. Ba na karɓar sadakar gidan Gonda. Na sa a akwati don kada ƙugiyarsa ta soki mage.

Alhamis, 16 ga Oktoba
Na gwada kifin robar can bayan duwatsu. Ashe Sueko tana sama tana cin dankalinta.
"Miya kake damawa, tsoho? Ka tsaya mana. A tsayuwar yake cafka."
Na ce hannuna ba ya tsayuwa.
"Bakinka ma haka. Danna gindin sandar a cikinka, ka yi shiru."
Na ce ai in na rasa, ɗanta ne zai kai kifin. Ta ce ɗanta ko kaguwa ba ya kamawa, kuma ba ta so a kai wa Ebisu na kasuwa da sunan mijinta.

Asabar, 18 ga Oktoba
Na fizga, na fizga, na danna, na ja baki na yi shiru. Ban san shiru na da tsawo haka ba. Sai sandar ta lanƙwashe. Sueko ta tare kifin da koma, ta jiƙe har ƙugu, tana zagina.

Lahadi, 19 ga Oktoba
Na kai. Mai kula da ɗakin bauta ya ce da me na kama. Na ce da ƙugiya. Ba ƙarya na yi ba, akwai ƙugiya a jikin kifin robar.
Ban mayar mata ba tukuna. Gobe da hantsi ruwan teku zai ja, ta ce za ta je.
Ragar nan da na ce Gonda ya yanke kuwa, wajen akwai kawa da yawa. Kawa ma tana yanka raga.