A Fitar Mini da Bencinan Nan

Da sunan Allah Mai rahama. Ni ce A'i, matar marigayi Malam Sabitu na Fadaman Mada. Jiki ya ƙi, amma hankalina ras yake, kada wani ya ce zafin ciwo ne ke magana. Zuwa gare ku 'ya'yana, Mansir da Kubura da Fati.

Na ɗaya. Rabona na gida da gonata ta Tirwun, a kira malamai su raba yadda shari'a ta ce. Ban da ja-in-ja.

Na biyu. Bencinan da ke zaure da baƙin allon nan, a kai wa maƙwabciyarmu Malama Cecilia, ta sa a makarantarta. Na tsani ganinsu. Mahaifinku ya kawo su don karatun hutu, wai lesin. Da an ba da dogon hutu sauran malamai sai su tafi ganin dangi, shi kuwa ya cika mini zaure da yara. In ya kishingiɗa bayan azahar ya ji sallama, zumbur zai miƙe ya rarumi jan biro, sai ka ce an kama shi yana sata. A gaban allon nan ya faɗi. Makarantarsu ta yi masa addu'a a taron safe, mako na zagayowa aka sa wani a ajinsa.

Na uku. Kubura, ke nake ji. Kin ɗauko aikinsa, kin ɗauko hawan jininsa, kin ƙara da taurin kai. An kwantar da ke asibiti, na zo dubiya na tarar da takardun jarrabawa a cinyarki, ga ƙarin ruwa a hannu. Haba! Wace irin rayuwa ce wannan? Na yi zamanina ina suyar masa a Wunti. In rana ta take sai in kife tanda in yi barcina, ban taɓa ba kowa haƙuri ba, washegari kuma masu saye suna nan. Hutun da aka ba ki naki ne. Ba ki cuci ɗan kowa ba don kin kwanta.

Na huɗu. Gabar da kike yi da yayanki don ya sallami yaran lesin ya sa wa zaure kwaɗo, ta ƙare daga yau. Ni na sa shi. Da ina da ƙafa ma da kaina zan kore su.

Na biyar. In ta Allah ta kasance, Fati da matar Mansir su riƙe girki da baƙi. Kubura ta zauna a tabarma ta karɓi gaisuwa, ko kofin ruwa kada ta miƙa wa kowa. In ta yunƙura, Mansir, ka zaunar da ita. An fitar mini da malami ɗaya daga gidan nan a makara, wallahi ban yarda a biyo bayana da ta biyu ba.

Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa kanku. Ku riƙa zuwa gidajen juna ba sai da wata hidima ba. Ku zauna, ku yi hira, wanda barci ya ɗauke a ƙyale shi.