Rantsuwar Da Ban Yi Ba

Zuwa ga Inna, mahaifiyar Sa'a,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, Lawal tela ne yake rubuto miki daga Daura. Kina da rai ban taɓa yi miki doguwar magana ba. In na zo Sandamu, daga durƙuso a bakin ƙofa sai "lafiya lau, Inna," sai in tashi. Yau shekara huɗu da rasuwarki, ga ni da magana cike da baki.

Inna, aurena da Sa'a ya mutu. Ba zan ɗora mata laifi ba. Sau biyu ina sakinta cikin fushi muna komawa, na ukun ya zo a kan abin da bai kai ya kawo ba. Shekara goma sha ɗaya, da Nana da Abba a tsakaninmu.

Da ta gama idda sai maganar kaya ta taso. Kayan ɗakinta nata ne, babur nawa ne, geron da muka noma muka raba shi buhu-buhu, ba wanda ya ɗaga murya. Gidan ne ya zama rigima. Kin san filin nata ne, gadon mahaifinta, ni kuwa na gina ɗaki biyu a kai, na rufa kwano, na sa ƙofofi. Ni zan fita, amma gumina yana jikin bangon.

Yayana Sale ya zaunar da ni ya ce in ɗauko kafinta mu kware kwanon, mu cire ƙofofi, a bar mata filinta yadda na same shi. Ina jin kunyar gaya miki, amma na amsa. Har na aika mata da saƙon ranar da za mu zo, ga damina ta ƙarato, ga 'ya'yana a ƙarƙashin kwanon nan. Zuciya ce, Inna, ba hankali ba.

Sa'a ba ta yi kuka ba, ba ta aiko a ba ni haƙuri ba. Kotu ta tafi. Ta roƙi alƙali ya hana ni taɓa rufin, sannan ta ce keken da nake aikin wuyan riga da shi a shago nata ne, a karɓo mata.

Duk kasuwa ba wanda bai san keken nan da suna keken Lawal ba. Da shi nake ci, da shi na yi ginin ma. Amma ni da ke da ita mun san yadda aka yi.

Kin tuna shekararmu ta biyu da aure, ina yi wa wani aiki a shagonsa, abin da nake samu bai isa cefane ba? Kika sa aka kai karsanar Sa'a kasuwa, wadda kike kiwata mata tun tana ƙarama. Kika zo da kanki a bayan a-kori-kura, kuɗin a ƙulle a bakin mayafi. Ba ki dube ni ba. Kika ajiye a kan tabarma kika ce, "Na yarinyar nan ne. Ka sayi keke ka yi sana'a, ku ci ku rufa wa juna asiri." Ba takarda, ba shaida, daga mu uku sai Allah.

Ranar zama alƙali ya tambaye ta shaida. Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, shaidata ɗaya ce, kuma tana ƙasa." Ya juyo gare ni, na ce keke nawa ne. Ya ce tunda mai ƙara ba ta da shaida, rantsuwa ta hau kaina, in fita in yi alwala in zo in dafa Alƙur'ani. Sale ya raɗa mini cewa shi ke nan, mun gama.

Na ɗauki buta na tsuguna a gindin darbejiyar da ke harabar kotun. Na wanke hannu, na kurkure baki. Da na zo wanke fuska sai na kasa ci gaba. Ba wani abin mamaki na gani ba. Kawai na tuna ƙurar da ke ƙafafunki ran nan, da yadda kika ƙi tsayawa ko ruwa ki sha don kada in ji nauyi. Na ce a raina, yanzu da wannan hannun zan dafa littafin Allah in ƙaryata matar da ba za ta iya tashi ta amsa ba?

Na koma da ruwa yana ɗiga a gemuna. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ba zan rantse ba. Keken nata ne." Sale ya tashi ya fita, har yau gaisuwarmu sama-sama ce. Sa'a ta ja mayafi ta rufe fuska.

Alƙali ya ba mu dama mu yi sulhu. Aka kawo magini da kafinta suka ƙiyasta ginin, teloli biyu suka ƙiyasta keken. Ginin ya ɗan fi. Muka daidaita ta riƙe gida da rufinsa, ni in riƙe keke. Na ce ragowar na bar wa yara. Kin san 'yarki. Ta ce, "Baban Nana, ba na son in kwana ƙarƙashin alfarmar kowa." Sati bai cika ba sai ga kawunta ya jawo tumaki biyu har ƙofar shagona. Aka rubuta komai, kowa ya sa hannu, har da hatsin yara da kuɗin makarantarsu da ke kaina.

Yanzu ina hayar ɗaki ɗaya kusa da kasuwa. Ƙarami ne, kuma ban iya dafa komai ba sai shayi. Amma wallahi, Inna, rabon da in ji ƙirjina sakayau haka har na manta. Ruwan farko ya sauka ranar Laraba ina shago. Na tsayar da keke na fito bakin ƙofa ina kallo, na san inda 'ya'yana suke, na san ba ya zuba a kansu. Ran Juma'a suna zuwa wurina. Nana ta fara koyon zura zare a allura, ta fi ni haƙuri.

Ban riƙe miki 'yarki yadda kika so ba. Wannan ya wuce, ba zan iya dawo da shi ba. Abin da ya rage a hannuna shi ne kada in ci haƙƙinta, kuma saura ƙiris in ci, Allah ya tsare. Ki yafe mini.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya saka miki da gidan Aljanna. Allah ya ba Sa'a wanda ya fi ni riƙon harshe, ya raya mana yaran nan cikin albarka. Amin.

Ban san ko har yanzu ina da ikon kiran kaina surukinki ba, don haka bari in ce,

Uban jikokinki,
Lawal.