Ƙusa Mai Jan Ƙyalle

Daga garin Bakura

Zuwa ga ƙanena Ukasha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya haƙuri da mu? Tunda an yanke layin waya, Anas direba na ba takardar nan a tashar Mafara.

'Yan bindiga sun ɗauke autanmu Labbo a gona ran Alhamis. Wata mata da ta kuɓuto ta ce ta gan shi ɗaure a dajin Maradun. Da can in jirgin yaƙi ya wuce, Inna fitowa take tsakar gida tana cewa "ga jirgin Ukasha", sai ka ce kai ke tuƙi. Yanzu ɗaki take shigewa. Ka gaya wa manyanka na sojan sama autanmu na cikin wanga daji.

Ka huta lafiya.
Yayarka, Lantana

*

Yaya Lantana,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Ya muka ji da wannan abu?

Na gaya wa ogana. Ya rubuta sunan Labbo, ya ce Allah Ya kiyaye.

Yaya, ba a gaya mana inda jirage za su. Bayan asuba mu turo bama-bamai, mu rataya su ƙarƙashin fikafikai. Kowane bam da ƙusarsa mai jan ƙyalle, muddin tana ciki ba ya fashewa. In matuƙi ya ta da inji, sai in zare su in ɗaga masa ya gani. Su tashi, mu sha shayi. Su dawo wayam, mu sake ratayawa. Ina ci, ina barci. Ba na jin komai, abin da ke ba ni tsoro ke nan.

A sa mu a addu'a.
Ukasha

*

Ukasha,

Sallama da gaisuwa. Ashe abin a hannunka yake! To ka bar ƙusar ciki mana, wa zai sani? Kai ka koya wa Labbo riƙon fartanya, ko ka manta?

Allah Ya tsare.
Lantana

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Matuƙi ba ya motsawa sai ya ga ƙyallayen a hannuna. Kuma akwai sojoji a ƙasa da aka ritsa da su suna jiran jirgin, su ma autan wasu ne.

Ran Laraba na ɗora hannu kan ƙusar, na tsaya, har matuƙin ya leƙo yana kallona. Na zare.

Ki yafe mini.
Ukasha

*

Ukasha,

Assalamu alaikum. Ran Laraba an yi ruwan wuta a dajin. Mutum bakwai sun gudo cikin hayaƙi, sun iso Birnin Tudu a ƙafa. Babu Labbo. Ba wanda ya ga ya faɗi, ba wanda ya ga ya gudu. Kawu ya ce kada a shimfiɗa tabarmar makoki tukuna.

Ɗazu jirgi ya wuce. Inna ta fito tsakar gida, ta bi shi da ido har ya ɓace. Ba ta ce na kowa ne ba. Ta koma tsintar shinkafarta.

Ka kula da kanka.
Lantana