Na Raka Sule Gaban Likita

Asata, Inugu

Zuwa ga Yayana Malam Haruna, inuwar gidanmu,

Gaisuwa mai yawa kamar ruwan saman ƙasar nan, tare da neman gafarar katse maka hidimominka. Yaya Inna da iyali? Yaya damina? Allah ya sa kuna lafiya.

Bayan haka, ƙanin matarka Sule ya yi ta fashin aiki saboda tari, har akawu ya fara zancen korarsa. Da yake ni ne helma, wato shugaban leburori, sai na tura shi wurin likitan ma'aikatarmu. Ka san halinmu na rashin kai kuka. Da aka tambaye shi jiki, ya sunkuyar da kai ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Likita ya ce ya koma aiki.

Washegari na raka shi. Na ce, "Likita, wannan ko a makara yake, da sauƙi zai ce. Ni za ka tambaya." Sule ya harare ni ya ce, "Haba Helma, gaban baƙo?" Aka auna ƙirjinsa, aka ba shi hutun jinya, jiya na sa shi a jirgin ƙasa zuwa gida.

Tun da rikicin da aka yi a nan ya kwashe mutanenmu daga garin, shi kaɗai ya rage muna haɗa hannu a akushi, yana sauraron baitocina. Yau bango na rera wa.

Ka gai da kowa, ku sa mu a addu'a. Don Allah ka rubuto mini da gaggawa ko ya iso lafiya, domin da bakina na raba kaina da shi.

Ƙaninka,
Garba