Kada A Kankare Fentin Kafin A Duba Shi

Zuwaina bint Halfan Al-Junaibi,
Ƙaramar Injiniya, Sashen Haɗa Na'urori,
Cibiyar Rimal ta Binciken Sararin Sama,
Lardin Al-Wusta.
9 ga Nuwamba, 2026.

Zuwa ga Mai Girma Babban Daraktan Cibiya.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: LAIFIN KWANCEWAR MURFIN ROKA DA AKA ƊORA MINI

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin gabatar da kukana. Na bi ofisoshin da ke ƙasa da naka har ƙafata ta gaji, kowa sai ya ce in dawo gobe.

1. Kamar yadda ka sani, a sashenmu kowane injiniya yana da launin fentinsa. Idan ya ɗaure noti ya auna ƙarfinsa, sai ya ja masa layi da fentin, shaidar cewa hannunsa ne na ƙarshe a wurin. Da aka ɗauke ni aikin gwaji, fenti ruwan ɗorawa aka ba ni. Ni na ɗaure notinan murfin akwatin na'urorin da rokar ta ɗauka, na ja musu layi, aka ɗora akwatin a injin girgiza don gwaji, ko ɗaya bai motsa ba.

2. Ranar 11 ga Oktoba aka yi baƙi. Shugaban sashenmu, Injiniya Talal, ya sa aka buɗe murfin don su ga ciki su ɗauki hoto. Da yake ni ce sabuwa, ni aka aika kawo gahawa da dabino. Ban ƙi ba, al'adarmu ce. Ko da na dawo, murfi a rufe, kwalbar fentina a buɗe kan tebur. Na roƙa a bar ni in sake aunawa, aka ce motar da za ta kai akwatin wurin harba rokar tana jira.

3. Ranar 14 ga Oktoba aka harba rokar. Murfin ya kwance a sama, akwatin ya sauko da lemar saukarsa cikin teku, ruwa ya shiga ya lalata na'urar da ɗaliban jami'a suka daɗe suna haɗawa. Aka duba notinan, aka ga ruwan ɗorawa. Shi ke nan binciken. Da na buɗe baki, Injiniya Talal ya ce mini a gaban kowa, "'Yata, fenti ba ya ƙarya, je ki huta."

4. Hutun shi ne sito. Can nake yanzu ina jera sifana. An dakatar da tabbatar da ni a aiki, kuma gwajina zai ƙare da ƙarshen wannan wata. Abokan aiki sun daina kiran sunana, sai "Ruwan Ɗorawa, ina makullin sito?" Ina yin dariya tare da su domin ba ni da ƙarfin faɗa. Mahaifina masunci ne. Ranar harbi ya ɗaure jirginsa a bakin gaɓa kamar yadda aka umarci masunta, yana gaya wa kowa cewa hannun 'yarsa na cikin abin da zai tashi. Maƙwabtansa ne kuma suka tsamo akwatin. Har yau bai tambaye ni komai ba, kuma wallahi shirun nan ya fi mini ciwo.

5. Ban ce ga wanda ya sake ɗaure notinan bayan baƙin sun gama ba, domin ban gani ba. Amma layina na farko yana nan a tsinke a jikin kowane noti, sabon layi ya hau kansa. Ido ma zai iya gani. Sai ga shi na ji cewa ranar Alhamis, 12 ga wata, za a kankare akwatin a goge shi tas, a kafa shi a zaure don bikin Ranar Ƙasa.

Saboda haka ina roƙonka, ranka ya daɗe, ka dakatar da kankarewar, ka sa wani daga wajen sashenmu ya duba notinan nan. Idan layi ɗaya ya gani, zan ajiye makullin sito in tafi ba sai an kore ni ba. Na gaji da jayayya, ba kuma neman a hukunta kowa nake yi ba. Tunda an ce fenti ba ya ƙarya, a saurare shi kafin Alhamis. Bayan ranar ba ni da sauran mai shaida.

Allah ya ƙara girma, ya yi maka jagora.

Taka mai biyayya,
Zuwaina bint Halfan Al-Junaibi