Faifan Bikin Doguwa

Burumburum, ranar Litinin

Mudassir ƙanena,

Bayan sallama da fatan kana lafiya. Na zaɓi takarda ne domin in na kira ka a waya, zagi zai riga magana fita.

Memorin da ka aiko ya iso. Wai ka kwashe faya-fayan CD ɗin marigayi Baba duka ka zuba a ciki, kowane mawaƙi da folda tasa. Sannu da aiki, injiniya! Kwana uku ina lalube. Waƙar mai gogen nan Ɗanasabe, sau huɗu Baba ya ɗauke ta a bukukuwa huɗu, amma guda ɗaya na gani. Ina ta bikin Doguwa? A cikinta ne Inna take amshi tana rangaɗa guɗa. Ka san ba mu da muryarta a ko'ina sai nan, tun da ta rasu ko hoton kirki ba ta bari ba.

Ka aiko min da faifan kansa a motar Bala direba.

Yayarka da haƙurinta ya ƙare,
Lubabatu

Kwanar Dangora, ranar Alhamis

Yaya Luba,

Amin wa alaikumus salam. Ina gaida maigida da yara.

Wasiƙarki ta ɓata min rai. Wata biyu na rufe rabin shagona ina wannan aiki, faifai ɗari bakwai da ɗoriya, wasu sai na wanke su da sabulu kafin kwamfuta ta karanta. Shekara biyar suna buhu ɓeraye na fitsari a kai, ba wanda ya leƙa.

Baba sunan mawaƙi kawai yake rubutawa a jiki, sai ya ware su buhu-buhu, kowane gari da nasa. Ni na juye buhunan wuri ɗaya don in jera su bisa suna. Da na ga waƙa ɗaya har huɗu, na ajiye wadda ta fi fita tas, na goge masu hayaniyar mata. Ina da shekara uku Inna ta rasu, Yaya. Ta ina zan gane muryarta? Wa ya taɓa zaunar da ni ya ce ga ta?

Faya-fayan kuma ba sa hannuna. Kawu Lado ya roƙa, na ba shi, ya rataye su a gonar shinkafarsa ta garin Ƙofa suna ƙyalli suna korar tsuntsaye.

Ƙaninki,
Mudassir

Burumburum, ranar Asabar

Mudassir,

Gaisuwa dai don addini ya ce a yi.

Hayaniyar mata! Uwarka ce hayaniyar. Baba ya yi shekara ashirin yana yawo da rikoda daga Kiru har Doguwa, kai kuma ka mayar da wahalarsa abin tsorata tsuntsu. Da na karanta sai da na zauna a bakin murhu na yi kuka, tuwo ya ƙone ban sani ba.

Maganarka cewa ba wanda ya nuna maka, gaskiya ce, kuma ta yi min ciwo. Kullum ina cewa sai ka girma, har na yi aure na tafi. Amma ai da baki gare ka, da ka tambaya kafin ka danna gogewa.

Ka je gonar nan yau, kafin rana ta gama cinye faifan. In ba ka samo shi ba, kada ka tako gidana da Sallah.

Lubabatu

Kwanar Dangora, ranar Laraba

Yaya,

Salamu alaikum. Na je. Kwana biyu ina cikin taɓo ina kwance igiya, Kawu yana bina da faɗa wai na sakar masa tsuntsaye. Faifai takwas na samu masu sunan Ɗanasabe, uku ne kawai suka yi magana.

Ɗaya a ciki rana ta ɓare bayansa, minti biyu yake yi ya tsaya. Ba amshi, ba guɗa. Ana cikin goge sai wata mata ta ce, kusa da rikodar: "Ke Luba, riƙe min yaron nan da kyau, kar ki kayar min da shi!"

Na ji shi ya fi sau talatin. Ban sa masa suna ba, ban saka shi a kowace folda ba. Yaya, ita ce?

Mudassir

Burumburum, ranar Juma'a

Mudassir,

Ita ce. Kai ne yaron.

Ka taho da shi gobe, kada ka ba Bala. Har yanzu ina fushi da kai, amma ka taho.

Yayarka,
Luba