Saiwar Kacalar Baba

Laraba, 9 ga Rajab, 1271

Rumbu ya kusa ƙasa. Kowane tafki a Zandam ya ƙafe sai namu, inda kacala ta fi mutum tsawo, kanta kamar zangarniyar gero amma ba ƙwaya. Da ita nake saƙa asabari, da ita nake ci da gidana. Marigayi Baba ya ce a yanka ta sama da ruwa, don ta cikin kara take shaƙar iska. Saiwa kuwa kada a taɓa, duk a haɗe take cikin taɓo.

Asabar, 19 ga Rajab

Na tarar da maƙwabcina Barau tsundum cikin tafki da fartanya. Wai saiwar fara ce, a shanya, a daka, ta yi kunu. Na kore shi. Ya ce, "Malam Hambali, asabari za ka ba yara su tauna?" Sai na ƙara ɗaga murya.

Juma'a, 2 ga Sha'aban

Na kai asabari kasuwar Gwaram, na dawo da shi a kaina. Wa ke sayen labule da yunwa?

Litinin, 12 ga Sha'aban

Nonon matata Barira ya ɗauke. Ruƙayyatu, jaririyarmu, ta bar kuka, ido kawai take bin mutum da shi. Wallahi tsoro nake ji. Barira sai leƙa rumbu take yi. Da ma faɗa ta yi.

Gefen da Barau ya haƙa ya zama baƙin taɓo, ko tsiro ɗaya babu. Gaskiyar Baba. Idan aka haƙe sauran, baɗi ba ni da sana'a. To, ina zan sa kaina?

Talata, 13 ga Sha'aban

Hadari ya taso daga wajen Birnin Kudu, iska ta watse shi.

Alhamis, 22 ga Sha'aban

Na je tafki duba ruwa kawai. Fartanyar a hannuna take, ban san na ɗauko ta ba. Barau na hango ni ya fara tattara kwandonsa. Na ce ya tsaya, ya nuna mini inda saiwa ta fi kauri.

Barira ta sha kunu ƙoƙo biyu. Da la'asar Ruƙayyatu ta tsala kuka har maƙwabta suka leƙo.

Gefen gabas na tafkin ban taɓa ba. Tukuna.